Suturar Baƙo

"To ka faɗa mini, Inuwa, wa ya ce maka da ransu ake yanka su?" in ji Gwaggo Hure. Tana tsaye a tsakar gidanmu da faifai a hannu, ta ma manta da geron da take bakacewa.

"Da da ransu ne ai da sauƙi," Baba ya ce. "Mai rai yana iya cewa a'a."

"Ji wata magana! Yaro ya ci jarrabawa, an ba shi gurbi a jami'a, gari duk ya ɗauka, kai kana nan kana kare mutuncin waɗanda ba su san kana yi ba."

"Sun sani."

"Su suka gaya maka?"

"Yaya, ki bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. Ni na goya ka, na san taurin kanka tun kana cikin tsumma. Ko nono sai ka ga dama kake kamawa."

Baba bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya zura takalminsa, ya tsaya a bakin zaure ba tare da ya waiwayo ba.

"Hannun da na koya wa rufewa ba zai je ya koyi tonawa ba," ya ce, ya fita.

Ni ne yaron da ake magana a kansa. Sunana Badaru. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina wasa lauje, kuma cikin su biyun babu wanda ya tambaye ni.

Na gama sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa, na dawo ƙauyenmu da ke gabas da Zakirai na kama fartanya ina jira. Likitanci na nema. Makina bai kai ba, sai aka ba ni Anatomi, wato ilimin sassan jikin ɗan Adam. Mutanen gari ba su damu da bambancin ba, suka fara kirana Dokta. Ban gyara musu ba. Baba ma da farko ya yi murna, har ya sa aka yi addu'a a masallaci.

Muntaka ne ya ɓata lissafin, kuma ba da gangan ba. Ɗan Gwaggo Hure ne, ya yi irin wannan karatun ya gama, yanzu yana jan babur ɗin adaidaita sahu a Ungogo kafin aiki ya samu. Ya zo gida ran Juma'a, muna cin tuwo kwano ɗaya da Baba, sai ya ce da ni cikin raha in fara koyon toshe hanci, don shekara ta biyu a kan gawa za mu wuni. Baba ya ajiye lomar da ya ɗauko. Ya tambaye shi me ake yi wa gawar. Muntaka ya yi bayani, da hannu ma, yana nuna yadda ake tsagawa.

Abin da Muntaka ya manta shi ne wa yake yi wa bayanin. Baba ne mai wankan gawa a ƙauyenmu. Daga mahaifinsa ya gada. Ba sana'a ba ce, ba a biyan sa, gona ce ke ciyar da mu. Amma duk namijin da ya rasu a nan, ta hannun Malam Inuwa yake bi. Tun da na dawo daga makaranta ni nake riƙe masa buta ina zuba ruwa. Ƙa'idojinsa ba su da yawa. A fara da dama. A taɓa a hankali, kamar mai barci ne da ba a so ya farka. Kada a yaye wurin da ba a kai ga wankewa ba. Kuma abin da ido ya gani a ɗakin, a ɗakin yake zama. Ban taɓa jin Baba ya ce wane ya rame ko wane ya kumbura ba, ko ga Inna.

Shekarar ta yi tsanani. Taki ya gagari mutane, kuɗin mota ya ninka, gidaje da yawa sai dare ake ɗora tukunya. Masu ɗaukar makara suka fara cewa a tsakaninsu makarar bana ba nauyi. A irin wannan shekarar kowa ya ɗauka rashi ne zai hana ni tafiya. Ba shi ba ne. Gwaggo ta riga ta ware ragonta da gyaɗarta domin rajista. Abin da ya rage izinin Baba ne, kuma ƙarshen wata za a rufe rajistar. Idan ta wuce ni, gurbin ya tafi.

Washegarin gardamar Baba da Gwaggo na sami Muntaka a gindin darbejiya yana wanke babur ɗinsa. Ya ba ni haƙuri, na ce ba komai. Na ce ya gaya mini yadda wurin yake.

"Ɗaki ne babba, tebura a jere," ya ce. "Warin maganin da ake jiƙa su da shi har hawaye yake sa ka. Ku goma sha wani abu a kan mutum ɗaya. Ranar farko wani ƙato a ajinmu ya zube ƙasa sai da aka yi masa fifita. Bayan wata guda shi ne mai cin gyaɗa a bakin ƙofa."

"Daga ina ake samo su?"

"Waɗanda ba a zo nema ba. Wanda mota ta kaɗe a hanya, wanda ya mutu a asibiti ba dangi. Su daɗe a ajiye, shiru, sai a kawo su makaranta." Ya matse tsumman hannunsa. "Kuma ba ma cewa gawa. Kadaba muke cewa."

"Mene ne bambancin?"

"Babu. Amma in ka ce gawa ba za ka iya riƙe wuƙar ba."

Ya jefa tsumman cikin bokiti.

"Kai ma fa kana da abin haushi," ya ce. "Ka je ka yi wa Kawu magana mana. Ka ce masa duk likitan da ya taɓa duba shi ta nan ya bi. Ni in ya gan ni yanzu sai ya kau da kai, kamar na zo da warin a rigata."

Ban je ba. Gaskiyar ita ce ban tabbata Baba ya yi kuskure ba. Na zuba ruwa a kan mutane da yawa. Na san yadda jiki yake komawa abin tausayi idan mai shi ya tafi ya bar shi, ba ya iya jan mayafi ya rufe kansa. Ina son karatun. Tun ina aji huɗu nake kallon zanen zuciya a littafi ina mamakin yadda aka shirya ta, ɗaki-ɗaki, kowace ƙofa da lokacin buɗewarta. Amma duk lokacin da na tuna teburan Muntaka, fuskokin da na sani nake gani a kai.

Ana cikin haka Baba ya yanke a tafin hannu wajen girbin dawa. Hannun ya kumbura, aka ɗaure masa shi.

Ranar Talata da hantsi Barira mai kunu ta shigo gari da gudu. Ta ga mutum a jingine a gindin ɗorawar bakin titi, ta yi masa tallan kunu bai amsa ba, ta matsa ta ga ƙuda a bakinsa. Muka fita. Dattijo ne, ba tsoho tukuf ba, ƙafafunsa sun yi futu-futu, silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure da waya. Da gani tafiyar ƙasa ya yi mai nisa, irin wadda mutane suka koma yi a shekarar. Leda ce a gefensa da riga ɗaya a ciki. A aljihunsa carbi ne da guntun goro. Babu wanda ya san shi. Aka tambayi ƙauyukan kusa ta waya, babu wanda ya rasa mutum.

Dagaci ya sanar da hukuma. Suka zo suka duba, suka ɗauki hotonsa, suka ce ba alamar an taɓa shi. Zaɓi biyu suka bayar: ko a nemi mota a kai shi asibitin birni a ajiye ko wani zai zo nema, ko gari ya ɗauki nauyin binne shi.

Muntaka yana gefena. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ka ga irin su ke nan."

Bai yi a hankalin da ya zata ba. Baba ya ji. Ya dubi mutumin, sannan ya juya ga dagaci.

"Ranka ya daɗe, a nan ya faɗi. Namu ne. Za mu yi masa sutura."

Sai maganar likkafani ta taso, kowa ya sunkuyar da kai, don alawayyo ma ya yi tsada. Baba ya aike ni gida in buɗe akwatinsa in ɗauko nasa, wanda ya ajiye wa kansa tun shekarun baya. Gwaggo Hure ta gan ni da shi a tsakar gida, ta biyo ni har zaure.

"Inuwa! Naka ka bayar? Kai kuma a me za a naɗe ka, a buhun taki?"

"Bana ai ko buhun babu, Yaya," ya ce.

Ta koma ciki, can sai ga ta ta aiko da turare da ganyen magarya.

A zaurenmu aka shimfiɗa shi. Muka rage daga ni sai Baba. Na ɗauki buta kamar kullum, sai ya miƙo hannunsa mai lafiya ya karɓe ta.

"Yau kai za ka yi. Ni zan zuba."

Ban taɓa yi ba. Na sha gani, amma gani daban. Na naɗe ƙyalle a hannuna, na yi bisimilla. Jikin ya yi sanyi kuma ya fara sandarewa. Na bi yadda na saba gani, na yi masa tsarki ta ƙarƙashin mayafi ba tare da na duba ba, na yi masa alwala. Baba yana zuba ruwa siriri, ba ya cewa komai, wanda a wurinsa yake nufin ban yi kuskure ba. Na wanke kai da gemu. Na kama ɓangaren dama.

Da na janye mayafin zuwa cibiya sai na ga tabon. Dogo ne, ya taso daga ƙasan ƙirji ya sauka har cibiya, a miƙe kamar an ja shi da zare. Gefe da gefe ga ɗigon wuraren da allura ta bi, a jere. Tsohon tabo ne, ya yi fari ya kwanta, fata ta daɗe da haɗewa. An taɓa buɗe mutumin nan. Wani ya tsaga cikinsa, ya san abin da ke ciki da inda kowane abu yake, ya gyara abin da ya lalace, ya ɗinke. Mutumin ya tashi ya ci gaba da cin goronsa shekara da shekaru, har ƙafarsa ta kawo shi ɗorawarmu.

Ruwan ya tsaya.

Na ɗaga kai. Baba yana riƙe da butar a karkace, amma ba abin da ke zuba. Idonsa yana kan tabon. Na san inda hankalinsa ya tafi, don nawa ma can ya tafi. Yayana Sama'ilu zazzaɓi ya yi, cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. A asibitin kusa aka ce hanjinsa ne ya huje, sai an yi aiki, kuma mai yin aikin yana birni. A hanya ya cika. Ina ƙarami lokacin, ban shiga ɗakin ba. Baba ne ya wanke shi da hannunsa, shi kaɗai, ya fito bai ce komai ba, har yau.

"Ci gaba," Baba ya ce. Ruwan ya dawo.

Na daɗe ina shakkar rubuta wannan. Na rubuta ne don mutumin ba shi da sunan da za a jingina masa maganar, kuma abin da na gani ba aibu ba ne.

Aka yi masa salla bayan azahar. Sahu bai yi yawa ba, amma an yi. Muka kai shi, muka dawo.

Gwaggo Hure ba ta bari ƙurar maƙabarta ta bar ƙafarmu ba. Da la'asar ta same mu a tsakar gida, Baba yana kan tabarma, ni ina gefe.

"To, an yi wa baƙo gata, Allah ya ba da lada. Saura ɗan gida. Wata yana ƙarewa, Inuwa."

"Na faɗi abin da zan faɗa."

"Ka faɗa, ba ka ji ba. Kai kuma," ta juyo kaina, "gunki! Kullum ni ce mai haushi a kan karatunka, kai kana zaune kamar an dasa ka. Ba ka da baki ne? Ka gaya masa wani abu mana. Ka ba shi hujja ɗaya, ɗaya tak, in ka ga bai karɓa ba ni zan san abin yi."

Hujjar tana bakina. Ban taɓa samun wadda ta kai ta ba. In ce, Baba, wanda ya ɗinke cikin mutumin ɗazu a jikin wa ya koya? In ce, da Sama'ilu ya sami irinsa fa? Na san maganar za ta shige shi har ƙashi, a gaban yayarsa, kuma ba shi da amsa. Baba ya ɗago ya dube ni. Bai yi mini alama ba, kallo ne kawai, irin na mai jira.

Amma tabon nan a ɗakin na gan shi, kuma a ɗakin yake zama.

"Ba ni da abin cewa, Gwaggo," na ce.

Ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Kai da ubanka duk tukunya ɗaya aka dafa ku. To ku zauna, ku yi ta wanke matattu har ku wanke juna. Ragona ma ya huta." Ta figi mayafinta ta fita tana faɗa har waje.

Na tashi na tafi ba wa awaki dusa. A raina na riga na ajiye maganar jami'a. Ban ji daɗi ba, kuma ban ji na yi asara gaba ɗaya ba. Wani abu ne tsakanin biyun wanda ban san sunansa ba.

Da safe muka tafi gona ɗaure dawa. Baba ba ya iya ɗauri da hannu ɗaya, sai ya riƙa tara mini ina ɗaurewa. Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"Jiya ka yi shiru."

"Na'am."

"Kana da abin faɗa."

Na ja igiyar damin na take da ƙafa.

"Na zata za ka faɗa," ya ce. "Da ka faɗa da ban ga laifinka ba. Amma da ban bar ka ka tafi ba." Ya ɗauki wani kan dawa ya juya shi a hannu. "Ban ce abin da suke yi daidai ne ba. Ban sani ba. Na kwana ina juya shi, ban ga ƙarshensa ba. Abin da na sani, in dai sai an taɓa mutanen nan, gara a sami wanda ya san su wane ne a cikin masu taɓawar."

"Baba, ni fa ba likita zan zama ba. Ba zan yi wa kowa aiki ba. Sunan da ake kirana a gari ba nawa ba ne."

"Na sani. Na tambayi malamin firamare."

"Wataƙila in koyar. Wataƙila in dawo ina jan babur kamar Muntaka."

"Wannan na Allah ne." Ya ajiye kan dawar a kan damin. "Ka yi bisimilla kafin ka taɓa. Wurin da ba a aiki a kansa ka rufe. In suna dariya kada ka taya su."

"Mu da yawa ne a kan mutum ɗaya. Ba ni ke da iko ba."

"Da hannunka kana da iko. Kuma wannan sunan da Muntaka ya ce suna kiran su da shi."

"Kadaba."

"Ka faɗa a jarrabawa in dole ne. A ranka ka ce bawan Allah."

Gwaggo da ta ji labari cewa ta yi ita ta karya shi, kuma babu wanda ya yi mata musu. Aka kai ragon kasuwar Zakirai.

Ranar tafiya Muntaka ya kawo babur ƙofar gida zai kai ni birni. Inna ta ɗaura mini ƙuli-ƙuli da garin kunu. Yara suna ta kiran Dokta, Dokta. Na shiga na zauna da jakata a cinya. Baba ya fito daga zaure da wani abu a hannu, ya miƙo mini. Ragowar alawayyon ne, abin da ya saura bayan an yanka wa baƙon nasa, bai fi a rufe fuska da shi ba. Bai ce me zan yi da shi ba. Na ninke na sa a aljihun gaba.

Muntaka ya tayar da inji. Sai Baba ya ɗora hannunsa mai ɗauri a kan ƙarfen babur ɗin, kamar wanda ya tuna wani abu da ya daɗe yana cin sa. Ya dubi Muntaka, wanda ya shekara huɗu a can, karon farko tun ranar Juma'ar nan. Sannan ya dube ni. Gwaggo tana bakin ƙofa ta buɗe baki za ta ce a sake mu mu tafi, sai ta ga fuskarsa ta fasa.

"Af, ban tambaya ba," ya ce. "Idan kun gama koyo a jikinsu, wa yake yi musu sutura?"